A daina ɗora wa masu asusu laifin ƙofar da ba su suka gina ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da 'yan uwana masu gina shafukan intanet da masu kula da su, da kuma shugabannin da ke biyan kuɗi a gina musu.

Duk sa'ad da aka ce an yi wa wani kutse a asusunsa, nasihar da ake yi guda ce: ka zaɓi kalmar sirri mai ƙarfi, ka haɗa haruffa da lambobi, kada ka sa ranar haihuwarka. Nasihar ba ta da laifi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ta zama mafakar masu shafi. Da zarar abu ya faru sai su ce ai mutumin ne ya sa kalma mai sauƙi, shi ke nan sun wanke hannunsu. Ba wanda ke tambayar sau nawa ɓarawon ya gwada kafin ya dace, ko me ya sa shafin ya zura masa ido yana ta gwadawa. Sana'ata ita ce kula da shafukan ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyi, kuma ina faɗa da babbar murya cewa kaso mafi tsoka na wannan nauyi yana wuyanmu.

Wanda bai taɓa buɗe kundin da saba, wato kwamfutar da shafi ke zaune a kanta, ke rubuta duk mai shiga da mai fita ba, ba zai gane irin abin da ake fama da shi ba. Ka ɗora sabon shafi yau, shafin da ko tallarsa ba ka fara yi ba, kafin ka ankara ka ga layuka sun jeru: an gwada shiga da suna admin, wanda aka saba ba asusun mai kula da shafi, an faɗi, an sake gwada admin, an faɗi, an koma administrator, an koma test, an koma sunan shafin kansa. Sai ka ga gwaji uku ko huɗu a cikin daƙiƙa guda, wannan adireshin IP, wato lambar da ke nuna inda na'ura take shigowa intanet, daga wata nahiya, na ƙasansa daga wata, ba dare ba rana. Babu wani ɗan Adam da ke zaune yana bugawa. Manhaja ce aka saki tana bin shafuka ɗaya bayan ɗaya tana cankar kalmar sirri da ƙarfin tsiya, ba ta gajiya, ba ta jin kunya, kuma ba ruwanta da ko kai wane ne. Shi ya sa nake jin takaici idan mai shafi ya ce mini, "Mu ai ba wanda ya san da mu, me za a sata a wajenmu?" Shafinka kansa abin sata ne. Ana amfani da shi a aika saƙonnin damfara, a ɓoye shafin bogi na wani banki a cikinsa, ko a mai da shi sansanin kai wa wasu hari, kuma sunanka ne zai ɓaci.

Ga lissafin da nake so kowane mai shafi ya riƙe. Lambar sirrin katin cirar kuɗi lambobi huɗu ce kacal, wato hanyoyi 10,000 ne kawai za a iya jera ta. Da na'urar banki za ta bar mutum ya gwada sau goma a kowace daƙiƙa, da cikin ƙasa da minti 17 ya gama da su kaf. Amma shekara da shekaru mutane na ajiye dukiyarsu a bayan lambobin nan huɗu, saboda dalili ɗaya tak: na'urar tana ƙirga kuskure, a na uku ta rufe. Damar ɓarawo ta koma uku cikin dubu goma. Ka ga ke nan sirri mai rauni da ake ƙirga masa kuskure ya fi tsaro a kan sirri mai ƙarfi da aka bari a yi ta gwadawa har sai an dace. Ƙirgar nan kuwa mai asusu ba shi da ikon yin ta. Mai shafi ne kaɗai zai iya.

Kada kuma a ɗauka ɓarayin nan daga harafin farko suke somawa su bi a jere. Da haka suke yi da da sauƙi, domin ƙananan haruffa takwas kaɗai ana iya jera su ta hanyoyi sama da biliyan 200. Suna da jerin abin da mutane suka saba sawa. A watan Disamba na 2009 aka kutsa wani kamfanin Amurka mai suna RockYou aka kwashe kalmomin sirri kusan miliyan 32, waɗanda kamfanin ya ajiye a fili ba tare da ya rikitar da su ba. Wadda ta fi yawa a ciki ita ce 123456. Da aka cire maimaici sai aka samu jerin kalmomi kimanin miliyan 14, kuma har gobe da wannan jeri ake koyon aikin, masu tsaro da masu ɓarna duka. Manhajar tana farawa ne daga saman jerin, inda ɗabi'ar mutane ta fi taruwa.

To, da yawa daga cikin abokan aikina sun ji wannan bayani, sai suka yi abin da ya fi sauƙi: kuskure uku, a kulle asusu, sai mai shi ya kira a buɗe masa. A nan nake so in ɗan daɗe, domin a nan ne aka fi yin gudun gara a faɗa gidan zago. Idan dokarka ke nan, to ka miƙa wa kowane mai mugun nufi makamin da zai kori mutanenka. Wanda ya san sunan shigar shugaban ma'aikatarku ba ya buƙatar kalmar sirrinsa. Ya isa ya buga shirme sau uku da gangan, asusun ya kulle. A buɗe, ya sake. Idan yana da jerin sunayen ma'aikata, cikin minti ɗaya zai kulle kowa a waje, ranar da ake tsananin buƙatar shiga. Abin da ya bambanta shafi da na'urar banki shi ne, a can sai mutum ya zo da katin a hannunsa kafin ya fara kuskure, a nan kuwa kowa a duniya yana iya tsayawa a bakin ƙofar.

Sannan kullewar ba ta ma kama ɓarawo mai wayo. Shi ba ya zuba kalmomi dubu a kan mutum ɗaya. Yakan ɗauki kalma ɗaya da ya san mutane na so, ya gwada ta a kan asusu dubu, kowanne sau ɗaya. Ya dakata, ya ɗauki ta biyu, ya sake zagayawa. Babu asusun da ya kai kuskure uku a jere, don haka ƙararrawarka ba za ta kaɗa ba, alhali a cikin mutum dubu da wuya a rasa wanda ya sa kalmar. Kada a ce wannan sai ƙananan shafuka. A watan Janairu na 2024 kamfanin Microsoft da kansa ya sanar cewa da wannan dabara aka shige shi tun ƙarshen Nuwamba na 2023, ta wani tsohon asusun gwaji da ba a sa masa tabbatarwa ta biyu ba, wato wata shaidar da ake nema bayan kalmar sirri, har masu kutsen suka kai ga imel na wasu manyan shugabanninsa. Kamfanin ya ce sun taƙaita yawan gwajin da gangan don kada a gano su.

Wasu kuma sukan ce to a toshe adireshin IP ɗin da gwajin ke fitowa daga gare shi. Wannan yana da amfani, ni ma ina yi. Akwai manhaja kyauta mai suna Fail2ban da ke karanta kundin saba tana toshe adireshin da ya cika kuskure, tana rage hayaniya sosai. Sai dai ba ta isa ba. A watan Afrilu na 2013 an kai wa shafukan da aka gina da manhajar WordPress wani gagarumin hari a duniya baki ɗaya, ana gwada sunan admin, kuma kamfanonin da ke ɗaukar nauyin shafukan sun ce adireshi kusan 90,000 aka yi amfani da su, na kwamfutocin mutane da aka kama ba da saninsu ba. Wa za ka toshe, wa za ka bari? Ta ɗaya ɓangaren kuma, kamfanonin waya sukan tara ɗimbin masu amfani a bayan adireshi ɗaya, haka ma ofisoshi da makarantu. Ka toshe adireshi guda saboda mutum ɗaya, ka hana bayin Allah da yawa shiga ba su ji ba ba su gani ba.

Abin da na ga yana aiki shi ne jinkiri mai ƙaruwa. Kuskuren farko da na biyu a bar mutum, kowa yatsansa na zamewa. Daga nan a sa ya jira daƙiƙa ɗaya, sai biyu, sai huɗu, sai takwas, ana ninkawa har a kai wani iyaka, a ce minti 15, a tsaya a nan. Mai asusu na gaskiya da ya manta ba zai ji wani nauyi ba, domin kafin jiran ya yi tsawo ya tuna ko ya nemi a aiko masa da hanyar sauyawa. Manhajar ɓarawo kuwa ta shiga uku. Gwaji ɗaya a kowane minti 15 yana nufin 96 a yini, kuma da wannan tafiya jerin nan na miliyan 14 zai ci kusan shekara 400. Ba ka kulle kowa ba, ka dai sa abin ya yi tsadar da ba zai biya ba. A haɗa da cewa na'urar da mai asusu ya saba shiga da ita a ba ta alama a burauzarta, wato manhajar da take buɗe shafuka da ita, ta yadda ko ana ruwan gwaji a kan sunansa daga waje, shi zai wuce daga wayarsa ba tare da an tsare shi ba. Ƙirgar kuma a yi ta ta fuska uku: a kan kowane asusu, a kan kowane adireshi, da kuma jimillar kuskuren da ake yi a shafin gaba ɗaya. Ta ukun nan ita ce ke tona asirin mai zagaya asusu dubu, domin idan shafin da ya saba ganin kuskure kaɗan a awa ya wayi gari yana ganin ɗaruruwa, to akwai magana, kuma ya kamata saƙo ya iso wayar wani mutum mai rai a lokacin, kada a bari sai an zo ana ihu bayan hari. Hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, a cikin jagorar da ta fitar a 2017, ta ce kada a bar kuskure a jere ya wuce 100 a kan asusu ɗaya. Wannan shi ne ƙarshen iyaka, amma ina ganin shafuka da dama da ko wannan ba su da shi.

Akwai wani ƙaramin abu da ke nuna mini nan take ko wanda ya gina shafi ya yi tunani. Ka buga sunan da babu shi, shafin ya ce maka "Babu wannan suna." Ka buga wanda yake akwai, ya ce "Kalmar sirri ba daidai ba." Ka ba ɓarawo rabin amsa kyauta, yanzu ya san sunayen da zai mai da hankali a kai. Amsa ɗaya ya kamata a bayar a kowane hali: suna ko kalmar sirri ba daidai ba. Haka ma wajen mai cewa ya manta kalmarsa, a ce masa idan akwai asusu da wannan imel an aika saƙo, a tsaya nan.

Yanzu ga inda ƙirga kaɗai ba ta wadatarwa. Mutane na maimaita kalmar sirri ɗaya a wurare da yawa, kuma ba za su daina ba, ko mu so ko mu ƙi. Idan aka fasa wani shafi can aka kwashi imel da kalmar sirri, sai a zo naka a gwada, a shige a bugun farko ba tare da kuskure ko ɗaya ba. Haka ta faru da 23andMe, kamfanin gwajin ƙwayoyin halitta na Amurka, a 2023. Asusu kusan 14,000 aka shiga da kalmomin da aka samo daga wasu wurare, amma saboda tsarin da ke haɗa mutum da danginsa a shafin, bayanan mutum kusan miliyan 6.9 suka fita. Lauyoyin kamfanin sun ɗora laifin a kan masu asusun da suka maimaita kalmar sirri. To sauran miliyoyin da ba a taɓa asusunsu ba fa, mene ne laifinsu? Sai bayan ɓarnar kamfanin ya wajabta tabbatarwa ta biyu ga kowa, kuma a 2025 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci shi tarar fam miliyan 2.31. Ita hukumar ba ta karɓi uzurin cewa laifin na masu asusu ne ba.

Maganin wannan iri biyu ne, duka a hannun mai shafi. Na farko, a hana mutum zaɓar kalmar da aka san ta riga ta fita. Troy Hunt, ɗan ƙasar Ostireliya da ya kafa Have I Been Pwned a 2013, shafin da mutum ke dubawa ko an sace bayanansa, ya tanadi rumbun ɗaruruwan miliyoyin kalmomin sirri da aka sace, kuma shafinka na iya tambayarsa kyauta ba tare da ya aika kalmar mutum ba. Ana rikiɗa kalmar ta zama wata doguwar lamba, a aika haruffa biyar na farko kawai, a dawo maka da duk masu irin wannan farko, kai ka duba a wajenka. Wannan ya fi tilasta wa mutum sa babban harafi da alama, dokar da ba ta haifar da komai sai Password1 da 'yan uwanta. Bill Burr, wanda ya rubuta waccan tsohuwar shawara a NIST a 2003, ya faɗa wa jaridar Wall Street Journal a 2017 cewa ya yi nadamar yawancinta. Amma har yau ana tilasta wa ma'aikata sauya kalma duk bayan wata uku, su kuma suna ƙara ɗaya a kan lambar ƙarshe.

Na biyu shi ne tabbatarwa ta biyu, wato bayan kalmar sirri a nemi wani abu da ke hannun mutum. Manhajar waya mai fitar da lambobi shida da ke sauyawa duk daƙiƙa 30 ta fi saƙon tes, domin ana iya yaudarar kamfanin waya a karɓe layin mutum. Duk da haka saƙon tes ya fi babu nesa ba kusa ba. Na san ana cewa masu amfani za su gudu idan aka matsa musu. Na yarda a bi jama'a a hankali. Amma asusun da ke da ikon goge shafi, ko ganin bayanan kowa, ko taɓa kuɗi, wannan babu lallashi a kansa, ko da na mai kamfanin ne, musamman ma nasa. Kuma don Allah a ƙirga kuskure a wajen lambobi shidan su ma. Hanyoyi miliyan ɗaya ne kacal, idan aka bar wurin a sake to an koma gidan jiya.

Hotunan nan da ake cewa ka zaɓi mota ko fitilar hanya don a tabbatar kai mutum ne, ba na ba su muhimmanci sosai. Akwai masu warware su a kan kuɗi ƙalilan, manhajoji ma sun iya, kuma suna wahalar da makafi da masu raunin intanet. A fito da su bayan an ga alamar matsala kawai. Sauya adireshin shafin shiga zuwa wani ɓoyayyen suna shi ma yana rage cunkoso a kundi, iyakarsa ke nan.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙofofin da aka manta da su. Sai ka ga an ƙawata babban shafin shiga da duk matakan nan, amma hanyar da manhajar waya ke bi ta shiga ba a sa mata komai ba. A WordPress, wanda sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya ke kansa, kowa ya san babban shafin shiga, wp-login.php, amma akwai wata ƙofa mai suna xmlrpc.php a gefe da ke karɓar suna da kalmar sirri shi ma. A 2015 an gano ana cusa ɗaruruwan kalmomi a cikin buƙata ɗaya ta nan, mai ƙirga ya ga ɗaya alhali an gwada ɗaruruwa. An gyara wannan, amma ƙofar tana nan, wanda ba ya amfani da ita ya rufe. Haka asusun ma'aikacin da ya bar aiki, da na gwaji da aka buɗe ranar ƙaddamarwa, da hanyar shiga saba kai tsaye wadda ya kamata a ce da mabuɗin lissafi, wato doguwar lambar sirri da ke ajiye a kwamfutar mai kula, ake shigarta ba da kalmar sirri ba. Kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wani tsohon asusu marar tabbatarwa ta biyu aka shige shi a 2021, ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4.

Idan kuma ƙaddara ta sa aka kwashe rumbun bayananka, ɓarawo zai yi cankarsa a kan tasa kwamfutar, inda babu jinkirinka. A nan abin da zai cece ka shi ne yadda ka ajiye kalmomin. Shafin sada zumunta na ma'aikata LinkedIn ya ajiye nasa da wata hanyar rikitarwa mai saurin lissafi, SHA-1, ba tare da ƙarin haruffa na daban ga kowane asusu ba, da miliyan 6.5 suka fita a 2012 cikin 'yan kwanaki aka warware mafi yawansu. Ga hanyoyin rikitar da kalmar sirri irin su bcrypt tun 1999 da Argon2 tun 2015, an yi su ne musamman don su yi nauyin lissafi su rage wa mai canka sauri, kuma kyauta ne.

Ga shugabannin da ba su san fasaha ba amma su ke sa hannu a biya, ba sai kun koyi rubuta manhaja ba. Ku buɗe shafinku, naku na kanku ba na wani ba, ku buga sunanku da kalmar da ba daidai ba sau ashirin a jere. Idan a na ashirin ya amsa da saurin da ya amsa a na farko, kuma ba wanda ya kira ku daga sashen fasaha ya ce ana taɓa asusunku, ku kira wanda ya gina shi ku zauna. Ku tambaye shi asusu nawa ne ke da cikakken iko da sunayen masu su, da wanda ke duba kundin saba da kuma yaushe. Sannan ku sa kuɗin kulawa na wata-wata a cikin yarjejeniya tun farko, domin galibin shafukan da ake kawo mini bayan an fasa su, an biya kuɗin gini ne aka sallami magini, daga ranar ba wanda ya sake leƙa su.

Na gode da wannan dama, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karatunku, mai kula da shafukan intanet